Kwalaben Humrar Hajja

Bolori, Maiduguri
Ranar Lahadi

Ya Tahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Gembu? Mu nan lafiya lau muke. Hajja tana lafiya ƙalau, tana gaishe ka. Ƙaninka Ajimi ma lafiya, kekensa na haya ne dai ya sha gyara makon jiya. Babakura ya leƙo daga Mafoni ranar Juma'a, ya ce in gaya wa ɗan ƙaninsa ya riƙe salla a dajin da kuke haƙar rijiyoyi.

Na san za ka yi dariya ka ce na sake ɗaukar biro irin na matan cikin littattafaina. To ya zan yi? Kai sai ka hau dutse kake samun layi, ni kuma in ka kira a tsakar gida nake, kowa kunnensa a buɗe. Shi ya sa na ba Inuwa direban motar kifi wannan takarda. Na haɗa maka da kwalbar humra ɗaya cikin wadda Hajja ta haɗa, ka riƙa shinshinawa kana tuna ni.

A kan kwalaben nan nake son yi maka magana.

Ka san aikina a sana'ar Hajja shi ne wanke kwalabe. In jiƙa su a ruwan ɗumi, in ɓare takardar jikinsu, in kife su a tabarma, ita kuma ta zuba humra ta sayar. Ni da nake karanta har takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki, ban taɓa tsayawa na karanta ta jikin kwalaben nan ba. Ranar Talata maƙwabciyarmu Sista Rhoda Dzarma, wadda take aiki a ƙaramin asibitin unguwa, ta shigo sayen humra ta same ni a kan baho. Ta ɗauki ɗaya ta duba, ta kai hanci, sai ta sauke murya.

"Mu'mina, wa yake tari a gidan nan?"

Na ce babu kowa.

"A ina kuke sayen kwalaben?"

Na ce, "Ba ma saye, Sista. A gida ake samu."

Ta dubi bahon a cike. Daga nan ta ce min maganin tari ne mai kodin, irin wanda ake sha don a yi barci a manta da duniya, kuma mai shan wannan adadin ba shi yake riƙe da kwalbar ba, ita take riƙe da shi. Ta ce bakinta a rufe yake. Ta ce mutanen unguwa sun haɗu da asibitinsu sun buɗe zama saboda masu irin wannan larura, Laraba na mata, Asabar na maza, kuma 'yan'uwa suna iya fara zuwa su ji yadda ake yi tun kafin mai larurar ya yarda.

Tun daga ranar na zuba ido. Ajimi yana shigowa cin abincin rana da baƙar leda a hannu. Kwalabe suna shigowa a cike, suna dawowa wurina babu komai a ciki. Na ga inda ledar take shiga, Ya Tahir. Na ga abin da na gani, amma biron ya ƙi rubutawa. Kai ɗan gidan ne, ka fahimci sauran da kanka.

A littattafan da nake karantawa, mai shaye-shaye ɗan attajiri ne mai jan ido da mota mai baƙin gilashi, tun shafin farko ka gane shi. Ban taɓa karanta inda abin yake zaune a gida mai ƙamshin turaren wuta ba.

Ka ba ni izini in je zaman Sista Rhoda. Kuma don Allah kada ka gaya wa kowa sai ka dawo.

Taka har kullum,
Mu'mina


Gembu
Ranar Asabar

Mu'mina,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, aiki da godiya. Na gode Allah da kika ce Hajja lafiyarta ƙalau, don shi ne abin da na fara nema a takardar. Humra ta iso.

Sauran abin da kika rubuta kuwa, a tsaye na fara karantawa, a zaune na gama. Ajimi! Yaron da na goya a bayana ranar da muka gudo daga ƙauye, ranar da muka rasa Baba a hanya. Ni na tsaya masa aka ba shi keken nan. Da ma ana ta gaya min 'yan keke sai da ƙwaya suke aiki, ina cewa ban da namu. Ashe har cikin gida yake shigo da shi, ya sha ya miƙa wa matata kwalba ta wanke masa, uwarsa ta zuba turare a ciki ba ta sani ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kin ce kada in gaya wa kowa. Ba zai yiwu ba. Aikinmu ba zai ƙare nan kusa ba, abin nan kuma ba ya jira. Ina gama karantawa na hau dutse na kira Babakura. Ya san wani malami a hanyar Konduga da yake ajiye irin waɗannan samarin, a sa musu mari a ƙafa, a yi ta karatu a kansu har abin ya fita daga jikinsu. Ya ce in bar masa komai.

Maganar zuwanki wurin Sista Rhoda, ban yarda ba. Na gode mata, mutuniyar kirki ce, amma ba za a shimfiɗa asirin gidanmu a taron mata ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, ki kula min da Hajja. Ki lallashe ta, ki ce mata karatu aka kai shi. Ta sha wahala a duniya, ba na son wannan ya ƙarasa ta.

Kuma nan gaba in za ki rubuta min, ki faɗi magana kai tsaye. Ni ba jarumin littafi ba ne da zan zauna ina hasashe.

Mijinki,
Tahir


Bolori
Ranar Alhamis

Ya Tahir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ban san yadda zan rubuta maka tamu lafiyar ba.

Takardarka ta iso bayan an riga an gama komai. Waya ta fi motar kifi sauri.

Da hantsi ne, Ajimi yana wanke kekensa a ƙofar gida, sai ga Babakura da wasu ƙarti biyu. Ya shigo ko zama bai yi ba, ya ce in kawo bahon kwalabe. Ya juye su a tsakar gida, wasu suka farfashe. Ya ce, "Ajimi, wa yake shan wannan?"

Ajimi ya dubi labulen ɗakin Hajja. Ni ma shi na duba. Labulen bai motsa ba.

Ya ce, "Ni ne, Baba."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Babakura ya kwaɗa masa mari a fuska. Bai ko ɗaga hannu ya kare ba. Da za su fita da shi ya juyo ya miƙo min makullin keke, har da murmushi, wai, "Matar Yaya, ki sa wannan a littafinki, amma ki ce jarumin dogo ne." Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Bakina cike da magana, amma ta ina matar ɗa za ta fara a gaban wan surukinta?

Ka ce in faɗi magana kai tsaye. To ga ta, Allah Ya yafe min.

Hajja ce.

Ajimi aikensa kawai ake yi. Ɗakinta ledar take shiga. Ita na gani ta gefen labule, carbi a hannun dama, kwalba a baki. Barcin da take yi daga azahar har magariba, wanda muke cewa gajiyar tsufa ce, shi ne. Na rubuta maka tana lafiya ƙalau don haka ake fara wasiƙa, kuma tun da na shigo gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarta ba, balle in kama sunanta da irin wannan. Na ɗauka za ka gane. Ban taɓa kawowa a raina cewa shiruna zai ɗaure ƙafar wani ba.

In ba ka yarda da ni ba, ga abin da ya biyo baya. Tun da aka tafi da Ajimi babu mai kawo leda. Washegari Hajja ta fara hamma da zubar hawaye da majina. Daga nan sai gumi, sai rawar jiki, sai gudawa, tana cewa ƙasusuwanta ana sara su. Maƙwabta suna cewa kewar ɗanta ce, wata ta ce iska ce a nemo mai ruƙiyya.

Jiya Laraba na tafi wurin Sista Rhoda. Ban san ka hana ba, sai da na dawo na tarar da Inuwa ya ajiye takardarka. Ya Tahir, da ka ga wurin da ba ka ce taron shimfiɗa asiri ba ne. Ta ƙofar awon hawan jini ake shiga, kowace da katinta a hannu, mai wucewa ba zai san wadda ta zo awo da wadda ta zo zama ba. A ciki tabarmi ne da shayi. Na ga fuskokin da na sani, matan da ake gaisarwa a durƙushe, har da wadda take koyar da yara karatu. Ba zan gaya maka sunan ko ɗaya ba, don sharaɗin wurin ke nan. Wata ta ce ita bayan haihuwa ta fara, wata ta ce tun daren da aka ƙone garinsu ba ta sake barci da kanta ba. Babu wadda aka zaga. Likita yana zuwa daga babban asibiti ya duba su, kuma a hankali ake sauke mutum daga abin.

Da yamma Sista ta zo gida da abin awon jini kamar ziyara ce kawai. Ta ɗaura wa Hajja a hannu, ta ce, "Hajja, wushe, sannu da jiki. Ciwon nan na san shi, yana da magani, kuma ba ke kaɗai ba ce a unguwar nan." Hajja ta juya fuska bango.

Ka hau dutsen nan ka kira Babakura. A fito da Ajimi. Ni duk hukuncin da ka ga dama ka yi min.

Mu'mina


Gembu
Ranar Juma'a

Mu'mina,

Wa alaikumus salam. Jikina lafiya.

Ba zan ɓoye miki ba, da na kai inda kika rubuta kalmomin nan biyu, duƙunƙule takardar na yi na jefar. Na ce littattafai sun cinye miki hankali. Na wuni a bakin inji ban san me nake yi ba, har maigidanmu ya ce in koma tanti kafin in rasa yatsa.

A tantin na ɗauko kwalbar humrar da kika aiko. Ruwan ƙasa ce, da zane-zanen awo a gefenta. Ina juya ta sai na tuna humrar da Hajja ta haɗa miki ta amarci. A cikin irin wannan kwalbar take, har kika jera su a kan madubi. A lokacin kuwa Ajimi yana Damaturu yana koyon gyaran inji, ya yi wata da watanni bai taka gidan ba.

Na fita na nemo takardar na warware ta.

Uwata, Mu'mina. Matar da ta ɗauke mu a ƙafa har Maiduguri ba ta yi kuka a gabanmu ba ko sau ɗaya. Ashe ban taɓa tambayar yadda take yi ta yi barci ba. Ni kuma daga kan dutse na sa aka ɗaure ƙanina.

Na kira Babakura. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce yaro ya amsa da bakinsa, me ake nema kuma? Ya ce in ƙara alaƙanta matar ƙaninsa da kwalba in ga abin da zai biyo baya. Ya tambayi wa ya sa min wannan a kai, na ƙi faɗa, amma ya gane. Ya ce macen da za ta yi wa surukarta wannan ƙazafin gidan ubanta ya fi dacewa da ita. Ki kwantar da hankalinki, igiyar aurenki a hannuna take ba a nasa ba. Sai dai malamin ba zai saki Ajimi ba sai da bakin wanda ya kai shi, shi kuma Babakura mutum ɗaya kawai zai saurara a duniyar nan. Kin san ko wace ce.

Na nemi a sallame ni, an ce sai mun kai ga ruwa a rijiyar da muke kai. Ki je zaman Laraba, na janye maganata. Ki gaida Sista Rhoda.

Daga yau ki fara min wasiƙa da gaskiyar lafiya, ko da ba haka ake farawa ba.

Tahir


Bolori
Ranar Laraba

Ya Tahir,

Assalamu alaikum. Hajja ba ta da lafiya. Ajimi yana ɗingishi. Ni ina nan da sauƙi. Ina fatan kai kana lafiya.

E, Ajimi yana gida. Bari in ba ka labari a jere.

Sista Rhoda ba ta fasa zuwa ba, kullum da safe kafin ta wuce aiki, da abin awonta. Ba ta taɓa ambatar kwalba ba. Ta auna, ta ba da ruwan gishiri da sukari, ta yi hirar tsadar gawayi, ta tafi. Na ce mata, "Sista, ki gaya mata mana!" Ta ce ba a jan mutum, ƙofa ake buɗe masa. Amma ta tura Malam Musa, mai kula da zaman maza, wanda shi ma ya taɓa shiga ya fita, ya je hanyar Konduga ya gano Ajimi. Ya dawo ya ce marin ya ci masa idon sawu, wurin ya fara ruwa, kuma har yanzu in an tambaye shi cewa yake shi ne.

Ranar Lahadi da la'asar Hajja ta kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta rame ƙwarai. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Mu'mina, je ki kemis na bayan masallaci, ki ce maganin tarin Ajimi."

Ka san ban taɓa ce mata a'a ba. Ko ruwa ta ce in zubar in sake ɗebowa, tashi nake yi. A littafi a nan ne jaruma take miƙewa ta yi dogon jawabi kowa ya yi kuka. Ni kuwa a durƙushe nake. Na ɗaga kai na dubi fuskarta, karo na farko tun aurenmu, na ce, "Hajja, ƙafar Ajimi ta fara ruɓewa."

Shi ke nan abin da na iya faɗa.

Sai ta ce, "Miƙo min mayafi. Ki tattaro kwalaben nan a buhu."

Muka tari keke har Mafoni. Babakura yana zaune a ƙofar shagonsa da abokan hirarsa. Ya miƙe da sauri, "Hajja, da kanki? Da jikin nan? Ai da kin aiko." Ya harare ni. Ta ce in juye buhun. Na juye a gabansu.

Ta ce, "Ya Babakura, waɗannan duk ta maƙogwarona suka bi. Yaron aikensa nake yi. Ranar da ka zo ina jin ku, na kasa ɗaga labule. Ka je ka kwance min ɗa."

Abokan hirar suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Babakura ya cire hula ya riƙe a hannu, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa, yana ta salati. Bai ce da ni komai ba. Amma washegari kafin azahar shi da kansa ya shigo da Ajimi, yana riƙe da kafaɗarsa.

Hajja ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar a cinyarta. Ajimi yana ta ja da baya yana cewa, "Haba Hajja, haba Hajja." A nan na ga kukan da ka ce ba ka taɓa gani ba.

Ba zan ce maka an warke ba. Sista ta ce hanyar doguwa ce, ana tafiya ana zamewa. Har yanzu barci yana yi mata wuya, wani lokaci ta yi ta faɗa ba dalili. Maganar ta zaga unguwa, masu sayen humra wasu sun ɗauke ƙafa. Amma yau Ajimi ya tada keke, ƙafa a naɗe da bandeji, ya kai mu asibiti. Hajja ta riƙe katinta ta shiga ta ƙofar awon jini, likita ya gan ta, ta zauna a tabarma can gefe. Da aka miƙo shayi ta karɓa. Ajimi yana jiranmu a waje, muna fitowa ya ce, "Matar Yaya, an sa ni a littafin?" Na ce an sa, amma gajere. Ya ce zai kai ƙara wurinka.

A hanyar dawowa ta sa muka biya Kasuwar Monday muka sayo sababbin kwalabe, farare, waɗanda ba a taɓa zuba komai a cikinsu ba.

Ɗazu ta gan ni da biro ta ce, "Tahir kike rubuta wa?" Na ce e. Ta ce, "Me kika ce masa a kaina?" Na sunkuyar da kai na ce ban fara ba tukuna.

Ta ce, "Ki ce masa ba ni da lafiya. Ki sa shi a farko."

Taka har kullum,
Mu'mina